Atisayen tsokokin numfashi ga manya masu cutar Pompe: yadda ake farawa da yadda ake ci gaba

Da yawa daga cikin manyan da ke ɗauke da wannan cuta a kan gado suke fara jin cewa wani abu ya sauya. Mutum ya kwanta rigingine, ko minti biyu bai cika ba sai ya ji kamar an aza masa buhu a ƙirji, ya tashi zaune yana neman iska. Matashin kai ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku. Idan ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, numfashi ya tsaya masa a wuya. Da safe ya tashi da ciwon kai, da rana kuma gyangyaɗi ya hana shi sakat. Huhunsa lafiya lau yake, tsokar da ke jan iska zuwa huhun ce ta gaza.

Cutar Pompe ta samo sunanta daga wani likita ɗan ƙasar Holan, Pompe, wanda ya bayyana ta a 1932. Gadonta ake yi, kuma irin gadon sikila ne: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar da ke jawo ta, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. A jikin mai ita akwai ƙarancin wani enzayim da ake taƙaita sunansa da GAA, wanda aikinsa narkar da gilaikojin, wato sukarin da jiki ke ajiyewa a cikin tsoka. Idan bai narke ba sai ya taru, ya riƙa lalata tsokar daga ciki. Nau'in jarirai yana kama zuciya da wuri. Nau'in manya kuwa ya fi kama tsokokin ƙugu da cinya da baya, da kuma dayafaram, babbar tsokar nan mai kama da kifaffen kwano da ta raba ƙirji da ciki. Ita ce ke yin mafi yawan aikin jan numfashi. A wasu mutanen tana raunana tun ƙafafu suna da ƙarfi, shi ya sa za ka ga mutum yana tafiya da ƙafarsa amma da dare sai da injin numfashi. Gazawar numfashi ita ce kan gaba wajen halaka manya masu wannan cuta.

Tun 2006 akwai magani na ƙarin enzayim ta jijiya duk mako biyu, kuma an samu sababbin nau'o'insa a 2021 da 2023. Yana rage gudun cutar, amma ba ya dawo da tsokar da ta riga ta lalace. A nan ne atisayen numfashi ya shigo.

Abin da atisayen zai iya da wanda ba zai iya ba

Dabarar ɗaya ce da ta ɗaga ƙarfe. Ana sa tsoka ta yi aiki a kan nauyin da ya ɗan fi na kullum, a maimaita, a huta, sai ta ƙara ƙarfi. Bambancin kawai, nauyin a nan wani ɗan bawul ne mai sifirin a cikin ƙaramar na'ura da ake riƙewa a hannu, kuma ba ya buɗewa sai ka ja iska, ko ka hura ta, da ƙarfin da aka saita.

Gara in faɗi gaskiyar binciken tun yanzu, don kada mutum ya ɗora buri a inda ba zai ɗauka ba. Cutar ba ta da yawa, don haka duk binciken da aka yi na mutane kaɗan ne. A Jami'ar Duke ta Amurka an gwada atisayen makonni 12, kwana 5 a mako, kuma a gwaje-gwajen farko an ga ƙarfin ja da na hurawa sun ƙaru. Amma a wani gwajin da aka fitar a 2020, wanda aka raba manya 22 gida biyu, wasu da atisaye na gaske wasu da na bogi, bambancin da aka gani bai kai a kafa hujja da shi ba. A ganina abin da ya dace a ɗauka shi ne: atisayen yana da arha, bai cika cutarwa ba idan an bi ƙa'ida, wasu suna amfana sosai, wasu kaɗan. Abin da yake ƙarawa ƙarfin tsoka ne, ba girman huhu ba. Ba ya maye gurbin ƙarin enzayim, ba ya maye gurbin injin dare. Mai wata cutar tsoka ta gado daban zai iya amfana da tsarin da ke ƙasa, amma lambobin sai likitansa ya tsara masa, domin tsokar kowace cuta da irin juriyarta.

Mataki na farko: awo kafin komai

Kada ka sayi na'ura ka fara da ka. Je wurin likitan huhu ko ma'aikacin fisiyo, wato mai gyaran jiki ta hanyar atisaye, a yi maka awo huɗu, ka karɓi sakamakon a rubuce.

Na farko shi ne MIP, wato iyakar ƙarfin da kake iya jan iska da shi. Za a toshe maka hanci, ka fitar da iskar ƙirjinka kakaf, sannan ka ja da dukkan ƙarfinka a kan bututun da bakinsa ke rufe, ka riƙe kamar daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Da santimita na ruwa ake ƙirga shi. Idan ya kai 80 ko fiye, galibi babu raunin a-zo-a-gani. Na biyu shi ne MEP, kishiyarsa: ka cika ƙirji, ka hura da ƙarfi. Duka biyun ana maimaita su sau da yawa, domin karon farko kowa yana kuskure, kuma idan aka ɗauki na farkon za a saita maka nauyin da bai kai naka ba.

Na uku shi ne FVC, yawan iskar da kake iya fitarwa bayan ka cika huhu. Ka nace a yi maka shi sau biyu, a zaune da kuma a kwance rigingine. Wannan shi ne awon da aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi tona asirin dayafaram. Idan mutum yana zaune, kayan ciki suna sauka ƙasa da kansu. Da ya kwanta sai su turo sama, kuma dayafaram mai rauni ba ta iya mayar da su. A mai lafiya faɗuwar ba ta wuce kashi 10 cikin 100. Idan ta haura kashi 25, raunin ya yi nisa, kuma a nan maganar gwajin barci ta riga maganar atisaye.

Na huɗu ƙarfin tari. Lita a minti ɗaya ake auna shi. Ƙasa da 270 na nufin ranar da mura ta kama ka tarinka ba zai wadatar ba. Ƙasa da 160 na nufin ko lafiyarka ƙalau ba ya fitar da kaki yadda ya kamata.

Mataki na biyu: a tabbatar babu abin da ya hana

Duk wanda huhunsa ya taɓa yoyo iska ta taru tsakaninsa da bangon ƙirji, ko dodon kunnensa ya fashe bai warke ba, ko aka yi masa tiyata a ƙirji, ciki ko ido kwanan nan, ko hawan jininsa bai daidaita ba, ko asmarsa na yawan tashi, ko yana da ƙaba, to ya dakata sai likita ya ba da izini. Mai juna biyu ma haka. Akwai kuma wani abu da ya shafi masu Pompe musamman: wasunsu suna da kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ba tare da sun sani ba, domin cutar tana taɓa bangon jijiyoyi. Hurawa da ƙarfi tana ɗaga matsin jini na ɗan lokaci, don haka ka tambayi likitanka ko akwai buƙatar hoton jijiyoyin kai kafin ka shiga atisayen hurawa.

Mataki na uku: na'ura

Iri biyu za ka gani a kasuwa. Akwai mai ƙananan ramuka, wadda nauyinta ke sauyawa da saurin numfashinka: idan ka ja a hankali sai ta yi sauƙi, kana iya yaudarar kanka da ita har tsawon wata uku. Akwai kuma mai sifirin, wadda ba ta buɗewa sai ka kai lambar da aka saita. Ita na fi so, saboda lambarta gaskiya take faɗa.

Ka duba iyakar lambobinta kafin ka saya. Threshold IMT ta jan iska ce, iyakarta santimita 41 na ruwa. Kamfanin POWERbreathe yana da masu nauyi daban-daban, na marasa lafiya daban, na 'yan wasa daban, kada ka ɗauko ta 'yan wasa. A ɓangaren hurawa, EMST150 daga 30 take farawa, wanda ya yi wa masu rauni da yawa nauyi. Irinsu sukan fara da Threshold PEP mai 5 zuwa 20. Ka tabbata akwai abin matse hanci a ciki. Idan leɓɓanka ba sa kama bakin na'urar sosai, a nema maka baki mai fiffike irin wanda ke shiga tsakanin leɓe da dasashi.

Mataki na huɗu: lissafin nauyi

Kaso ake ɗauka daga awonka. Yawanci ana farawa da kashi 30 cikin 100 na MIP, a riƙa hawa a hankali zuwa 50 ko 60. A ce MIP ɗinka 50 ne: za ka fara da 15, burinka ya kai tsakanin 25 da 30 bayan wasu makonni. Idan MEP ɗinka 60 ne, farawarka 18. Wanda rauninsa ya yi yawa ana iya sauke masa ƙasa da haka.

Za ka ji 15 ɗin kamar wasa, zuciyarka ta ce ka murɗa sifirin ɗin sama. Kada ka biye mata. Tsokar mai lafiya idan aka wahalar da ita tana gyara kanta ta dawo da ƙarfi. Tsokar mai Pompe gyaranta a hankali yake, kuma ita wannan tsokar ba ta da hutu: ƙafa idan ta gaji sai ka zauna, dayafaram kuwa ko ta gaji dole ta kwana tana aiki. Makon farko na koyon hannu ne.

Mataki na biyar: zaman atisayen kansa

Zaɓi lokacin da ka fi ƙarfi a yini, kuma a bar aƙalla awa ɗaya bayan cin abinci, domin cikakken ciki yana danne dayafaram. Kada ya zama dab da kwanciya barci. Zauna a kujera mai jingina, tafin ƙafa a ƙasa, kafaɗu a sake. Sa abin matse hanci. Ka sa bakin na'urar tsakanin haƙora ba tare da cizo ba, leɓɓa su rufe shi ruf.

Fitar da iska a hankali har ka ji ƙirji ya kusa zama fanko. Sannan ka ja da ƙarfi da sauri, kamar mai zuƙar abu mai kauri da bututu. Da farko za ka ji kamar an toshe, sai bawul ɗin ya buɗe, ka ji sautin iska "shuuu" tana wucewa. Wannan sautin shi ne shaidarka. Jan da bai fitar da shi ba, bai shiga lissafi ba. Ci gaba da ja har ƙirji ya cika, daƙiƙa biyu zuwa uku, sannan ka saki iskar a hankali ba tare da turawa ba. Ɗaya ke nan.

Ɗora hannunka ɗaya a kan cibiya. Abin da ake so, ciki ya turo hannun waje yayin da kake ja. Idan ka ga cikin yana lotsawa ciki, kafaɗu suna tashi har kusa da kunne, jijiyoyin wuya suna miƙewa kamar igiya, to tsokokin wuya ne ke yin aikin, dayafaram ta zama 'yar kallo. Rage nauyin. Zama gaban madubi a makonnin farko yana taimakawa ƙwarai, domin mutum ba ya jin tashin kafaɗunsa, sai dai ya gani. Ga wanda dayafaram ɗinsa ta yi rauni sosai, cikin ba zai turo ba ko ya yi yaya. Shi ma'aikacin fisiyo ne zai nuna masa abin da zai lura da shi.

Yi biyar, cire na'urar, ka yi numfashinka na kullum na rabin minti zuwa minti ɗaya. Maimaita har zagaye biyar, 25 ke nan. Wasu tsare-tsaren 30 suke yi sau biyu a rana, wasu sun fi haka. Adadin da aka rubuta maka shi za ka bi, kwana 5 a mako, kwana 2 hutu. Idan ka ji jiri ko yatsu suna tsitstsira, galibi sauri ka yi, ka fitar da iskar kabon fiye da kima. Tsaya, ka jinkirta tsakanin ja da ja.

Hurawa kuma juyin wannan ce. Cika ƙirji tukuna, sa na'urar, ka hura da ƙarfi a gajarce har bawul ya buɗe, daƙiƙa ɗaya ko biyu sun isa. Kumatu za su so su kumbura su sha ƙarfin, sai ka dafe su da yatsun hannu ɗaya. Ƙarfin daga tsokokin ciki ya kamata ya fito, su ne injin tari. Kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri fuska ta yi ja. Idan bawul bai buɗe ba a hurawa biyu a jere, nauyin ya yi yawa. Mai yin duka biyun zai fi jin daɗi idan ya raba su, ja da safe, hurawa da yamma.

Mataki na shida: ƙari da rubutu

Samu ɗan littafi. Kowace rana rubuta lambar da ka saita, adadin da ka yi, da yadda ka ji wahalar daga 0 zuwa 10. Tsakanin 4 da 6 ake so. Ƙara layi ɗaya na safiyar gobe: yaya ka tashi? Wannan layin ya fi sauran daraja, domin gajiyar tsokar numfashi ba a lokacin atisaye take nuna kanta ba, sai dare ya raba.

Idan ka yi mako guda cur kana kammala duk zagayen da sauti mai kyau, wahalar ba ta wuce 4 ba, kuma kana tashi garau, ƙara santimita 1 ko 2. Abin da ya fi wannan inganci shi ne a sake auna MIP da MEP duk mako biyu zuwa huɗu a sake lissafin kason, tunda 50 cikin 100 na watan jiya ba shi ne na yau ba. Idan mako ya zo maka da nauyi, ka tsaya a inda kake. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar ƙarin enzayim mutane da yawa sukan ji kasala. Sa ta cikin kwanakin hutunka. Zazzaɓi, mura mai kaki ko ciwon ƙirji kuwa, ajiye na'urar gaba ɗaya. Bayan ka warke ka dawo da nauyin da bai kai na da ba, ka sake hawa.

Lokacin da za ka tsaya ka kira likita

Ciwo mai suka a ƙirji, musamman gefe ɗaya tare da ƙarancin numfashi farat ɗaya, na gaggawa ne, asibiti kai tsaye. Haka ciwon kai mai tsanani da ya sauko lokaci guda, ko suma, ko bugun zuciya da ya rikice. Akwai kuma masu zuwa a hankali, waɗanda aka fi rainawa: haki da ya wuce minti goma bayan ka gama, sabon ciwon kai na safe, ƙarin gyangyaɗi, farkawa cikin dare a firgice, ko ƙarin matashin kai. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai nauyin ya yi yawa, ko cutar ta matsa gaba, kuma awo ne kawai zai bambance.

Dalilin da ya sa dare ke da haɗari shi ne, a lokacin barcin mafarki tsokokin wuya da na haƙarƙari suna saki, a bar dayafaram ita kaɗai. Idan ba ta iya ba, iskar kabon sai ta taru a jini, ita ce ke kawo ciwon kan safe. Maganin wannan injin numfashi ne mai abin rufe hanci, irin BiPAP, ba ƙarin atisaye ba. Wanda aka ba shi injin kada ya ga kamar ya faɗi jarrabawa. Tsokar da ta huta da dare ta fi ɗaukar atisaye da rana. Kuma a riƙe wannan da kyau, kai da masu jinyarka: ba wa mai raunin dayafaram oksijin zalla ba tare da injin ba yana iya ƙara tara kabon, lambar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta yi kyau alhali mutum yana nutsewa. Magungunan barci da masu ƙarfi na kashe zafi su ma sai da sanin likitan da ya san cutarka.

Tari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ƙarfin tarinka bai kai 270 ba, koyi dabarun taimakon tari tun kana lafiya. Ɗaya ita ce tara numfashi: ka ja iska ka riƙe, ka ƙara wata a kai ba tare da ka saki ba, har sau uku ko huɗu, galibi da taimakon jakar Ambu, wato jakar da ake matsawa da hannu ta tura iska cikin huhu, mai bawul na hanya ɗaya, sannan ka yi tari. Tana buɗe sassan huhu da suka saba kwanciya, tana kuma hana ƙirji sandarewa. Ta biyu, wani ya dafa saman cikinka ya tura ciki da sama daidai lokacin da kake tarin. Ta uku inji ne da ke tura iska sannan ya zuƙe ta da sauri. Duka ukun a gaban ma'aikacin fisiyo ake koyonsu, kai da wanda zai riƙa taimaka maka. Allurar rigakafin mura ta shekara-shekara da ta nimoniya suna cikin wannan shirin.

Bayan makonni 12

A koma a maimaita awo huɗun nan, a wuri ɗaya da na'ura ɗaya idan zai yiwu. Ka tafi da littafinka. Idan MIP ya tashi, madalla. Idan ya tsaya inda yake, kada ka yi saurin cewa aikin banza ne, domin a cutar da ɗabi'arta raguwa ce, tsayawa ma wani abu ne. Idan ya sauka duk da ka bi tsari, likita zai duba maganinka da barcinka kafin a yanke ko za a ci gaba.

Ƙarfin da aka samu yana zubewa a hankali idan aka daina, saboda haka galibi ana komawa tsarin riƙo, kwana 2 ko 3 a mako a kan nauyin ƙarshe. Na'urar kuma a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu kamar yadda takardarta ta ce, a girgije ruwan, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar da ita jaka, kuma ba a aron ta. Sifirin yana saki da tsufa: idan ka ga lambar da ke ba ka wahala jiya ta zama ruwa yau ba tare da dalili ba, kai ta a gwada ta da ma'aunin asibiti kafin ka ƙara nauyi.